Yadda ake tara yaran marasa ƙarfi a yi musu shirin hutu a unguwa

Jama'a assalamu alaikum. Tambayar da samari da 'yan matanmu ke yawan yi ita ce, ta yaya mutum zai tara yaran unguwa lokacin hutun zafi ya haɗa musu karatu da wasa da ɗan abinci, alhali shi kansa ba wani kuɗi gare shi ba, kuma babu wata babbar ƙungiya a bayansa. To ga yadda nake ganin ya kamata a yi, ina magana ne daga nan Gadarif a ƙasar Sudan, wanda yake Kasala ko Mai Wurno ko Damazin ko Kosti sai ya ɗauki abin da ya dace da garinsa.

Tun farko a cire maganar kwana. Irin wanda ake gani a intanet, a kwashi yara a mota a kai su wani wuri su yi sati biyu a tanti, wannan ba namu ba ne a halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 babu uwar da za ta yarda ɗanta ya kwana inda ba ta gani, kuma tana da gaskiya. Namu na wuni ne, ko ma in ce na safiya, a zo a koma gida kafin rana ta take.

Mataki na farko: ku san yaran da kuke nema, ku san me suke yi da safe

Nan ne yawancin masu niyya mai kyau suke tafka kuskure, shi ya sa zan daɗe a kai. Ɗan talaka ba zaman banza yake ba lokacin hutu. Ma'aikaci ne. Wani yana bin karo, wato amalanken jaki, yana sayar da ruwa, wani yana tura baro a kasuwa, yarinya tana tallan gyaɗa ko tana goye da ƙaninta saboda uwar ta fita sayar da shayi, wani kuma yana taya babansa hura wuta a wajen agashe, wato tsire, da yamma har dare. In kuka buga sanarwa a Facebook kuka ce duk mai so ya kawo ɗansa, wallahi waɗanda za su cika muku wuri su ne 'ya'yan masu waya da data, waɗanda dama suna zuwa makaranta. Wanda kuka yi abin dominsa yana can kan jaki bai ma ji labari ba.

Saboda haka da ƙafa ake nemo su. Ku raba kanku biyu-biyu, mace da namiji, ku shiga gida-gida. Ku fara da gidajen zawarawa da marayu, da rumfunan mutanen da suka gudo daga Madani lokacin da ta faɗi a Disamba 2023, da waɗanda suka zo daga Sinja da kewaye a tsakiyar 2024, da 'yan uwanmu da rikicin Bulu Nayil na 2022 ya raba da gidajensu har yau wasu ba su koma ba. In kun shiga kada ku fara da "mun zo taimaka muku". Ku gaisa sosai, ku zauna, sannan a tambayi uwar: Inna, wane lokaci ne yaron nan ba ki buƙatarsa? Wace rana ce in ya bar aiki ba za ku kwana da yunwa ba? Amsar da iyaye mata suka bayar ita ce jadawalinku, ba wanda kuka zana a takarda kafin ku fito ba. In suka ce ranar kasuwa ba zai yiwu ba, to ku cire ranar kasuwa kawai, babu gardama.

Sai maganar 'yan mata masu goyo. In ba ku tanadi inda za a ajiye ƙannen ba, rabin 'yan matan ba za su zo ba, waɗanda suka zo kuma hankalinsu na kan jaririn da ke kuka a bayansu. Ku nemi dattijuwa ɗaya ko biyu a unguwar, a shimfiɗa musu tabarma a gefe cikin inuwa, su riƙe ƙananan na awa huɗu. Wannan ɗan abin da ba ya cin kuɗi shi ne ke raba shirin da 'yan mata ke zuwa da wanda maza zalla suke cikawa.

Kuma don Allah kada a mayar da shi na Hausawa kaɗai. Mu muka shirya, da Hausa za a yi yawancin hira, amma ɗan maƙwabci ko wace ƙabila ce a rubuta sunansa. Mun ga abin da ƙabilanci ya jawo mana, ba sai an faɗa ba.

Ku fara da yara 40 zuwa 50, shekara 6 zuwa 13. Za a zo ana roƙo a ƙara, zuciya za ta karaya, amma in tukunyarku ta mutum 50 ce kuka karɓi 120 to kowa ya tashi da yunwa kuma babu wanda ya koyi komai. Ku buɗe wani littafi na masu jira, a yi musu zagaye na biyu.

Na biyu: manyan unguwa da takarda

Kafin ku kafa ko sanda ɗaya ku je wajen limami, da shehun unguwa ko umda (mai gari), da lijinar unguwa, wato kwamitinta. Sai malamin halwa, wato makarantar allo, shi kam kada ku kuskura ku tsallake shi, domin in ya ji a bakin wani cewa wasu samari sun zo za su ɗauke masa almajirai to shirinku ya mutu tun ba a haife shi ba. Ku je ku durƙusa ku ce Malam ga abin da muke so, wane lokaci ne ba zai ci karo da karatun allo ba, kuma muna so ka riƙa zuwa kana buɗe mana da addu'a. Yawanci da kansa zai turo muku yara.

Lokacin yaƙi ne, taron mutane ko na yara ne ana sa masa ido. Ku rubuta takarda gajeriya da Larabci, sunan masu shirin, wurin, ranakun da awannin, ku kai mahalliya, wato ƙaramar hukuma, a buga muku hatimi, ku ajiye kwafi a wurin kullum. In kuma wata ƙungiya daga waje ce za ta ba ku kuɗi ko kaya, to wannan ya shiga hurumin hukumar agajin jin ƙai ta gwamnati, ya fi sauƙi ku shiga ƙarƙashin wata ƙungiyar alheri da ta riga ta yi rajista a wilayarku, wato jiharku.

Na uku: lokaci da wuri

Kalandar makaranta ta rikice tun da aka fara yaƙi, kowace wilaya da ranar da ta buɗe, don haka ku tambayi shugaban makarantar da ke kusa yaushe ne hutu a bana. Abin da ba ya canzawa shi ne yanayi. Daga Maris zuwa farkon Yuni zafi ne mai wuce 40, daga nan kuma damina ta sauka, kuma wanda ya san baƙar ƙasar Gadarif ya san in an yi ruwa ko rakša, babur mai ƙafa uku, ba ta shiga unguwa, ga shi an kwashe manyan yara zuwa noman dawa da riɗi. To ku gama kafin ruwa ya zauna. Sati huɗu zuwa shida, kwana huɗu a sati, daga bakwai na safe zuwa sha ɗaya. Ya isa.

Wuri kuma abu uku ake dubawa, inuwa da bayan gida da nisa. Makaranta ta fi in babu 'yan gudun hijira a cikinta, in akwai su to kada ku matsa musu, ku nemi harabar masallaci ko wani fili mai bishiyar darbejiya ku kafa rakuba, wato rumfa, da zana da buhuna, a yi gayya rana ɗaya an gama. Kada yaro ya yi tafiyar da ta wuce minti ashirin. Bayan gida na mata daban na maza daban, mai ƙofa mai rufuwa, ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi shi ne ɗaya ga 'yan mata 30, ɗaya ga maza 60. Ku nisanci hafir, wato tafkin tara ruwan sama, da bakin kogi da magudanan ruwan noma, yaro ba ya ganin ruwa ya ƙyale, ga nutsewa ga tsargiya.

Na huɗu: ruwa, sannan abinci

In kuɗinku na abu ɗaya ne tak, ku sayi ruwa. Mafi ƙarancin abin da ake lissafawa ga ɗalibi a makaranta lita 3 ne a rana na sha da wanke hannu, amma a zafin nan namu ni lita 5 nake cewa a lissafa, wato yara 50 da masu aiki kusan ganga ɗaya da rabi kullum. Ku yi ciniki da mai karo guda ɗaya na wata gaba ɗaya, ya kawo tun asuba. Kwalara da aka sanar a Agusta 2024 ta yi ɓarna a Kasala da Gadarif, kowa ya rasa wani ko ya san wanda ya rasa, don haka ruwan karo sai an sa masa ƙwayar kulorin. Ana samu a cibiyoyin lafiya da wajen ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar (Red Crescent), ku bi adadin da aka rubuta a jikin takardar domin girman ƙwayar ya bambanta, a jira minti 30 kafin a sha. Randa a rufe, moɗa ɗaya mai dogon hannu ta ɗiba, ba kowa ya tsoma kofinsa ba. In za ku iya, jarka mai famfo ta fi. Sabulu a ƙofar bayan gida da wajen cin abinci, a ɗaure shi da igiya in ba haka ba kwana biyu ya yi ƙafa.

Abinci sau ɗaya ne, wajen ƙarfe tara da rabi zuwa goma, lokacin fatur, wato karin kumallo. Amma ku sani da yawa za su zo ba su sa komai a ciki ba tun daren jiya, to kofin madida ko kunun gero da safe kafin a fara yana canza komai, yaron da cikinsa ke ƙugi ba ya jin alif balle ba. Adas (wani ƙaramin wake) da burodi, ful (dafaffen wake), balila (dafaffen hatsi ko wake), ranar da aka samu hali a yi shinkafa. Adas ɗanye giram 50 zuwa 60 ga kowane yaro, wato kilo 3 ya ishi yara 50, da albasa da mai. Ku je ku zauna da matan da suka yi girki a takiyya, wato wajen dafa abincin sadaka, lokacin da gari ya cika da baƙi, su suka san yadda ake auna tukunyar mutum ɗari ba tare da ta ƙare a kan na tamanin ba. Kuma mai girki a biya ta, ko kaɗan ne. Tsayuwa gaban wuta awa huɗu a watan Afrilu ba abin da za a ce wa mace "Allah ya ba da lada" kawai a wuce ba ne.

Wani zai ɓoye rabin burodinsa a aljihu. Na gida yake kai wa. Ku yi kamar ba ku gani ba.

Na biyar: kuɗi

Ku rubuta abin da kuke buƙata kaya-kaya, ba jimillar kuɗi ba: buhun adas, jarkar mai, sukari, gawayi, ruwan wata ɗaya, sabulu, alli, littattafai, tabarmi, ƙwallo biyu. Ɗan kasuwa ya fi saurin ba da buhu a kan ya ba da kuɗi. 'Yan uwa da ke Jidda da Makka da Riyad suna turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya, in sun yarda da ku, kuma yarda ba ta zuwa sai da lissafi, to duk Alhamis a ɗauki hoton littafin shiga da fita a tura a rukunin WhatsApp. Mutum biyu ke riƙe da kuɗi, ɗaya waya ɗaya littafi, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Kuɗi na shigowa ku juya shi ya zama kaya a ranar, jine, kuɗin Sudan, ba ya jiran kowa, abin da ya sayi buhu yau sati mai zuwa sai ya sayi rabi. Kada ku buɗe sai abincin sati biyu na farko yana ɗaki.

Na shida: masu aikin sa kai

Babba ɗaya ga yara 10, ga ƙanana 'yan shida da bakwai kuma ɗaya ga 8. Akwai ɗaliban jami'a da karatunsu ya tsaya, akwai malaman makaranta da suka daɗe ba albashi, ma'aikata ba su yi ƙaranci ba. Amma su ma masu buƙata ne, ku lissafa su a cikin tukunya, wanda yake nesa a ba shi kuɗin mota. Rabinsu su zama mata. Ku ɗauki fiye da adadin da kuke so saboda a sati na biyu zumuɗi ya sauka wasu za su ɓace.

A zauna kwana biyu kafin a buɗe a yarda da dokoki, kowa ya sa hannu. Babu duka, ko bulala ko ranƙwashi ko tsallen kwaɗo, babu zagi. Na san za a ce ai mu ma da bulala muka tashi, to yaran nan wasunsu sun ga an doki ubansu a shingen hanya a gabansu, ba su buƙatar ƙari. Babu babban da zai keɓe da yaro shi kaɗai a ɗaki ko bayan gini, ko waye shi, ko ustaz ne. Babu kai yaro gida a babur ba da sanin iyaye ba. Babu hoton fuskar yaro yana cin abinci a saka a Facebook, masu ba da taimako a nuna musu hoton tukunya da rasit. A ware mace ɗaya mai hankali wadda yara suka san za su iya kai mata ƙara a asirce.

Littafin rajista kuma: sunan yaro, sunan mai kula da shi, lambar waya ko ta maƙwabci, wanda zai zo ɗaukarsa, da ciwon da yake da shi. Ku tambayi sikila da farfaɗiya da asma musamman. Mai sikila yana buƙatar ruwa da yawa da hutu, kada a sa shi ƙwallo a rana. Ku ƙara layi ɗaya: yana da takardar haihuwa ko babu. Mun san yadda maganar lambar ɗan ƙasa take ba mutanenmu wuya, kuma yaron da ba takarda gaba zai sha wahala wajen jarrabawa. Ba ku za ku warware ba, amma jerin sunayen in aka miƙa wa lijina da shugaban makaranta yana amfani.

Na bakwai: me za a yi da awa huɗun

Ranar farko kada ku koyar da komai, ku gwada su. Kowane yaro minti biyar: a nuna masa haruffa, sai kalmomi, sai ɗan gajeren labari, a ga inda ya tsaya, haka ma lissafi. Sai a raba su bisa inda suka tsaya ba bisa shekaru ba. Wannan hanya ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa ta, kuma ta dace da mu sosai saboda akwai ɗan shekara 12 da ya yi sama da shekara ba aji, ya manta, in ka haɗa shi da sa'anninsa kunya za ta kore shi. Sai dai ku sa wa rukunan sunan tsuntsaye ko bishiyoyi, kada a ce ajin daƙiƙai.

Karatun makaranta da Larabci ne, to shi za a ƙarfafa, amma bayani a yi da Hausa ga wanda Hausa ce a bakinsa. 'Yan halwa sun riga sun san haruffa, abin da ya rage musu haɗawa da fahimta. Lissafi a yi da abin da suka sani, yarinyar da ke talla ta fi ka saurin canji, fara daga nan sannan ka nuna mata yadda ake rubuta shi. Minti 40 ya isa zama ɗaya.

Wasan gudu da ƙwallo da langa da safe ne tun rana ba ta yi ba, kafin takwas. Bayan abinci sai na zaune: dara, carafke, gaɗa, kacici-kacici, zane. A gayyato Hajja ko wani tsoho sau ɗaya a sati ya yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko ya ba su labarin yadda kakanni suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, da yadda Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso bakin kogin Bulu Nayil da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Yara da yawa ba su taɓa ji ba.

Kada ku ce yaro ya tashi ya ba da labarin abin da ya gani a yaƙi. In ya zana bindiga ko jirgi ku karɓa ku ce me ka zana nan, in ya yi magana ku saurara, in ya yi shiru ku bar shi. Wanda ke firgita in an buga ƙofa, ko ya daina magana, ko yake fitsari a wando bayan ya girma, a yi magana da uwarsa a gefe, a nemi ma'aikatan kula da yara na ƙungiyoyin da ke gari. Kuma a ware darasi ɗaya kowane sati kan ƙarfen da ba a sani ba: kada a taɓa, kada a jefa, a ja da baya ta inda aka zo, a faɗa wa babba. Da yawansu za su koma Jazira da Sinnar da Hartum inda ragowar harsasai da bamabamai ke kwance a kango.

Na takwas: in wani ya faɗi

Ku san cibiyar lafiya mafi kusa da mai rakšar da za ku kira, lambarsa a rubuce a bango. Yaro ya ce kansa na ciwo, jiri na ɗibarsa, a kai shi inuwa a ba shi ruwa. In jikinsa ya yi zafi rau kuma ya fara sambatu ko ya suma, a jiƙa shi da ruwa ana fifita a nufi asibiti nan take. Gudawa kuma a fara ruwan gishiri da sukari, in babu na leda a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gudawar kamar ruwan shinkafa take to ba jira, asibiti, kuma a wanke wurin da kulorin. Zazzaɓi a tura gwajin maleriya, kada ku raba magani da ka. Wanda zazzaɓinsa ya wuce sati biyu yana ramewa ciki na kumbura, a yankinmu cutar kala'azar ake fara zargi, a gaya wa iyaye su kai shi a duba. Ƙannen da ke wajen dattijuwa kuma, in kun samu tef ɗin auna damtse, duk ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da awonsa ya faɗa kan jan ɓangaren tef ɗin, ƙasa da santimita 11.5, cibiyar tamowa za a kai shi a ranar.

Satin ƙarshe

A sake gwajin ranar farko, yaro da yaro, a rubuta inda kowa ya kai. Ku kira iyaye mata su zo su ji 'ya'yansu na karatu da bakinsu, shayi da zalabiya sun isa, ba sai an yi hayar lasifika ba. Jerin waɗanda ba sa zuwa makaranta ku kai wa shugaban makarantar unguwa hannu da hannu, ku tambaye shi nawa zai iya ɗauka da me ake buƙata, in kuɗi ya rage a sayi littafi da fensir a ba waɗannan. Lissafin ƙarshe a karanta a masallaci bayan sallah, a tura wa na Saudiyya. Tabarmi da tukwane da jarkoki a ƙirga a rubuta, a ajiye a ɗakin mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi, sannan a ɗauko littafin masu jira a sa ranar zagaye na biyu in damina ba ta riga ta rufe hanya ba.